Abin da Ya Ci Gashin Goshina

Daura,
Ranar Litinin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da naki bai kai taku goma ba. Na san za ki yi mamaki. Kwana huɗu ya rage ki tafi Zariya karatu, ga ni ga ki a gida ɗaya, amma na ɗauki biro. Kin san dalili. Ke ce ta fari, kuma yadda aka rene ni, uwa ba ta tasa 'yar fari a gaba ta yi ta hira da ita, ko sunanta ba ta kamawa. Shekara goma sha takwas ina ce miki "ke" ko "yarinyar nan". Bakina ya saba, in na buɗe shi a gabanki sai maganar ta koma aike: ɗauko tsintsiya, sauke tukunya. Biro shi bai san kunya ba, shi ya sa na aiko shi.

Shekaranjiya da La'asar kina alwala a bakin famfo, kika ture ɗankwali baya za ki shafi kai. Ina daga ƙofar kicin na gani. Gashin gefen goshinki ya ja baya kamar faɗin yatsa biyu, hagu da dama. Jiya kuma ina jera miki kaya a akwati na ci karo da kwalabe uku na bitamin E naɗe a cikin hijabinki mai ruwan toka, ɗaya har ta yi rabi. Ga Goggonki Hajara ta gaya mini ta shirya miki mai kitso ranar Alhamis, ƙanana da ƙarin gashi, wanda zai kai ki har hutu ba a tsefe ba. Na haɗa ukun nan na ga hanyar da kika ɗauka. Na san ta, don ni na fara binta, kuma na san inda take ƙarewa. Kullum kina ganin ƙarshenta a goshina.

Zan fara miki daga wata Laraba, kina da wata huɗu a duniya. Ban daɗe da dawowa daga wankan jego a Ɓaure ba. Na je gidan Inna Kande, mai kitson unguwarmu a lokacin, na zauna a tabarma na shimfiɗe ki a gefena, na buɗe littafina. A shekarun nan ban da aiki sai karatun littattafan soyayya. In an kawo mini sabo, miya ta ƙone ban sani ba. Inna tana tsifa ina karatu, sai na ji hannunta ya tsaya. Na ɗago na ga mataji cike da gashi, ga wani dunƙule a cinyarta ya kai girman lemon tsami.

Ta ce, "Sa'a, yau ba zan yi miki ƙanana ba."

Na ce, "Saboda me, Inna?"

Ta ce, "Kanki ma jego yake yi. Duk wadda ta haihu sai ya zuba, wata kaɗan wata da yawa, kuma in aka ƙyale shi dawowa yake. Manya-manya zan yi miki ya sha iska."

Na ce, "Haba Inna, ai wannan kitson tsofaffi ne."

Ta ce, "To, tsofaffin kin ga da gashinsu suka tsufa."

Matan da ke jiran layi suka yi dariya. Ni ban yi ba. Daga ranar nan na daina zama mace mai miji da jaririya da lafiya, na koma mace mai zubar gashi, ba na tunanin komai sai shi.

Kuskurena na farko tun kafin ranar nan na yi shi. A littattafan da nake karantawa, babu yarinyar da ake so sai mai gashi baƙi wuluk har gadon baya. In ɗankwalinta ya zame, saurayi sai ya rasa abin faɗa. Ni kuwa nawa irin na gidanmu ne, mai cika, mai tauri, tsawonsa bai wuce kafaɗa ba in an ja shi. Gashi ne lafiyayye, amma na raina shi. Tun ina amarya nake sa masa rilaksa, man nan mai miƙar da gashi, in bar shi a kai har sai na ji fatar tana ci kamar an zuba barkono, don an ce sai ya yi zafi yake kamawa. In na wanke, kwana biyu ba a yi ba na kai kan a yi masa ƙananan kitso a ja shi tamau. Har abinci na rage, don yarinyar littafi cokali biyu take yi ta ce ta ƙoshi, ba a taɓa rubuta ta zauna ta cinye malmalar tuwo ba. Ina shayar da ke ina wannan shirme.

Ba zan hana ki karatun littafi ba, ni ma har yau ina yi, sai dai yanzu a waya, kuma ba na jin zan daina. Amma ki riƙe wannan: matan da ke rubuta gashi har gadon baya da ɗankwalinsu suke rubutawa, babu wanda ya ga nasu kan. Haka hotunan da ake turo muku a waya, wai ga kai kafin a sha magani, ga shi bayan an sha. Ba ki san kan waye ba, ba ki san me aka ɗaura a kai ba. Kada ki auna kanki da matar da babu ita.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna nake jin nauyi. Kin san al'ada, gashin da ya zuba wurin kitso ba a barinsa a ƙasa. Mai kitso takan dunƙule ta ba mai shi, ta je ta binne ko ta jefa a masai, don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Ranar nan Inna Kande ba ta ba ni nawa ba. Ina kallo ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Na dawo gida ina ta juya abin a raina. A littattafai, duk wadda ta ɗauki gashin wata, wurin boka za ta. Sati biyu gashi ya ci gaba da zuba, a matashi, a wurin wanka, sai na yanke hukunci ni kaɗai: an yi mini asiri, kuma na san wadda ta yi.

Na gaya wa Goggonki Hajara, na ce ta rufa mini asiri. Kin san Goggonki, Allah Ya ba ta zuciya mai kyau amma bai ba bakinta marfi ba. Kafin Juma'a ta zagayo, unguwa duk ta ji Kande mai kitso tana tara gashin mutane. Matar da in ka je gidanta da hantsi sai ka bi layi, ta wayi gari tabarmarta babu kowa. Mijinta ya rasu, da kitson nan take ci da 'ya'ya huɗu. Ƙarshe sai ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida.

Ni kuwa da na bar ta, sai na koma wurin wata a can bayan kasuwa wadda ba ta musu da kowa. Na ce ƙanana nake so, da ƙarin gashi don ya rufe inda ya yi fili. Ta yi mini yadda na ce. Ta kamo 'yan guntayen gashin goshi da Inna Kande ba ta taɓa yarda ta taɓa ba, ta ɗaura musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. In na dawo, kwana uku ba na iya ɗora goshi a ƙasa da kyau wurin sujada, ba na iya dariya, girata a sama kamar mai mamaki. Ƙananan ƙuraje su fito a bakin kitson. In kai ya dame ni sai in aika kemis a sayo mini maganin ciwon kai in haɗiya. Na fi shekara ina haka, ana tsefewa yau, gobe a sake.

Sai bayan shekara biyu, da idona ya buɗe, na je na durƙusa gaban Inna Kande a bakin kaskonta. Na tambaye ta gashin nan. Ta ce, "Yawansa ne ya ba ni tsoro. Na ce in yarinyar nan ta gani hankalinta zai tashi, ga ta da goyo, nono ya ɗauke. Na binne miki shi a bayan ɗakina tun ranar." Na fashe da kuka ina neman gafara. Ta ce, "Na yafe tun ba yau ba. Tashi kada ki ja mini 'yan kallo. Zo mu shiga ciki in ga kan." Ta zare mini ɗankwali, ta bi tsakiyar kai da yatsa ta ce nan lafiya lau. Da ta zo gefen goshi ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Nan kam kin makara, Sa'a." Na bi gida-gida na wanke ta, wasu suka koma mata, wasu ba su koma ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Abin da nake so ki ɗauka a nan biyu ne. In wani abu ya sami jikinki, fara tambayar me kika ci, me kika shafa, me kika yi masa, kafin ki tambayi wa ya yi miki. A ɗakin kwanan ɗalibai za ki zauna da 'yan mata daga ko'ina, za a ari matajinki, za a taɓa kayanki. Kada ki ɗora wa 'yar mutane abin da ba ki gani da idonki ba, zargi in ya fita baki ba ya komawa. Na biyu, mai gaya miki "ba zan yi miki ba" ta fi mai ce miki "zauna" ƙaunarki. Duk kitson da ya hana ki ɗora goshi a ƙasa cikin natsuwa, ki tsefe shi a ranar, ko nawa kika biya.

Yanzu ga kuskure na uku, maganar kwalaben nan, wadda ita ce ta sa na kasa haƙuri. A tsakiyar wancan hali wata dillaliya mai shiga gidaje da atamfofi da turare ta kawo mini su. 'Yan ƙwayoyi masu taushi, ruwan zuma, in kin ɗaga su a rana kamar ɗigon man gyaɗa. Ta ce sunansa bitamin E, matan manya a Kano shi suke sha, wata uku gashi ya sauko kafaɗa. Ta ce ɗaya a rana. Ni da nake sauri na ce in ɗaya tana aiki a wata uku, shida za su yi a sati biyu. Uku da safe, uku da yamma. Ban tsaya nan ba, in fasa wasu da allura in matse a fatar kai, in kawo hula in rufe, ba wanki ba shan iska. Ga zafin garin nan. Kai ya yi ta ƙaiƙayi, amosani ya taru ya haɗu da mai ya zama kamar ƙullu, ni kuwa ina murna wai saiwa ce take motsi.

Bayan 'yan watanni na fara ganin jini a asuwaki. Sai haɓo, ina zaune kawai in ji ɗumi a hanci. Al'ada ta ƙara yawa da kwanaki, in na miƙe jiri ya ɗebe ni. Duk ban gaya wa kowa ba. Ranar da asiri ya tonu, ina yanka alayyafo wuƙa ta shafi yatsana, ɗan yanka da bai kai a faɗa ba. Na ɗaure da tsumma ya jiƙe, na sake wani ya jiƙe. Babanku ya shigo cin abincin rana ya tarar da ni da tsumma na uku. Ya tayar da babur ya ce in ɗauko mayafi.

A asibiti wata malamar jinya, babbar mace mai tabarau, ta ɗaure yatsan ta ja fatar idona ta duba. Ta ce, "Me kike sha?" Na ce ba komai. Ta ce, "Buɗe jakar nan." Na fito da kwalba da sauran maganin ciwon kai.

Ta ce, "Guda nawa a rana?"

Na ce, "Shida."

Ta cire tabarau ta ce, "Wa ya rubuta miki?"

Na ce, "Dillaliya."

Ta ce, "Dillaliyar a wane asibiti take aiki, in je mu gaisa?"

Na sunkuyar da kai. Da ta ga na kusa kuka sai ta sassauta, ta jawo kujera. Abin da ta gaya mini ban manta ba, kuma daga baya duk ma'aikacin lafiyar da na tambaya haka ya ce. Ta ce bitamin E abu ne mai kyau, jiki yana buƙatarsa. Ta ce, "Kin ga wuƙar da aka manta a waje da damina, yadda tsatsa ke cinta? Jikin mutum ma kullum akwai abin da ke cinsa a hankali kamar haka, daga zafin rana, daga hayaƙi, daga aikin da jikin yake yi da kansa. Bitamin E yana cikin masu tare wannan cin, har a fatar kai inda saiwar gashi take. Gadi yake yi. Amma mai gadi ba ya shuka gona." Ta ce kaɗan jiki yake so, kuma mai cin abinci sosai yawanci yana samun abin da ya ishe shi. Wanda ya yi yawa ba ya fita da sauri, taruwa yake a jiki, kuma yana iya hana jini saurin daskarewa. Ga shi irin maganin ciwon kan da nake sha shi ma yana tsinka jini, na haɗa biyu.

Aka auna jinina aka ce ya yi ƙasa sosai. Haihuwa, shayarwa, rashin ci, ga kuma zubar da na jawo wa kaina. Malamar ta ce ƙarancin jini shi kansa yana zubar da gashi. Wato maganin da nake sha don gashi ya fito, ta bayan gida yana taya shi zuba. Ta sa na cire hula. Ta ce na tsakiya da na ƙeya za su dawo in jini ya dawo. Ta taɓa gefen goshina inda fata ta yi sumul tana sheƙi, ta ce nan ja ne ya kashe saiwar, kuma inda saiwa ta mutu babu man da zai tayar da ita, na kwalba ko na gargajiya. Haka kuwa aka yi. Cikin shekara guda sauran kai ya cika, goshi ya tsaya inda kika san shi.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Kada ki ƙara haɗiyar ƙwayar nan sai likita ya duba ki ya ce kina buƙata, ya faɗi adadi. In ya rubuta miki, ki sha yadda ya ce, kada ki yi lissafin da na yi. In shafawa kike so, ki fasa ɗaya a cikin man kaɗanya, ki gwada kaɗan a bayan kunne ki kwana biyu ki gani, don wata fatar ba ta karɓarsa. In ta karɓa, ki shafa sama-sama, zai tausasa fata ya rage bushewa. Iyakarsa ke nan, kada ki sa masa ran abin da ba aikinsa ba. Kuma kan da ake shafa wa mai dole a wanke shi. Na sa miki garin karkashi a leda cikin akwatin. In kin wanke, ki bari ya bushe sarai kafin ki rufe, kada ki ɗaura ɗankwali a jiƙaƙƙen kai don kina saurin shiga aji. Ɗaurin ma ki sassauta, kada kullum ya zauna a layi ɗaya yana goge goshi.

Kuskure na huɗu, ɓoyo. Duk tsawon lokacin nan Babanku bai ga kaina ba. Da hula nake kwana, da hula nake tashi. Mu mata rufin kai ya ba mu wurin ɓuya, mace sai ta shekara tana fama babu wanda ya sani. Ni a tunanina in ya gani shi ke nan, don a littafi ban taɓa karanta inda aka so mai sanƙo ba. Da muka fito daga asibiti, a kan babur, na ce masa ya yi haƙuri na ɓoye masa. Ya yi dariya har babur ya yi tangal-tangal.

Ya ce, "Sa'a, ni da nake duba haƙorin rago da kofatonsa a kasuwar Mai'aduwa kafin in taya, kin zaci mutum zai kwana da hula a watan bazara ban san da magana ba? Na ga ba ki so a sani ne, na yi shiru."

Na ce, "To me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya ce, "Laifina ke nan. Amma da kin tambaye ni, da na gaya miki mu in gashin dabba yana zuba ba mai muke shafa mata ba. Cikinta muke dubawa. A ba ta harawa da dusa da ƙuli-ƙuli, wata guda ki ga tana sheƙi."

Na ce, "Au, ni ce dabbar?"

Ya ce, "Ni ban faɗa ba. Riƙe ni da kyau ga rami."

Kwana biyu ina fushi. Na so a ce ya tsayar da babur ya kalle ni ya faɗi irin maganganun da nake karantawa. Bai faɗa ba, har yau kuma bai iya ba. Amma tun daga makon nan bai taɓa dawowa daga kasuwa hannu sake ba: gyaɗa, riɗi, wani lokaci hanta a ƙunshe a takarda. Ya zauna ya tasa ni a gaba sai na cinye. Da na gaya wa malamar asibiti ranar da na koma, ta ce mijin nan naki ya fi dillaliya sanin magani, don bitamin E ɗin da kike nema yana cikin gyaɗa da manta, da riɗi, da manja, da ganye irin su alayyafo da zogale, hanta da wake kuma su ƙara jini.

Na san abincin ɗalibai, taliyar leda safe da yamma, da shayi. Kada ki zauna a kanta. Na soya miki gyaɗa, na yi miki kantun riɗi da ƙuli-ƙuli, ga busasshen zogale. In sun ƙare, duk ana samunsu a Zariya, kuma sun fi kwalba araha. Ki dafa wake ko sau biyu a mako. In al'adarki ta yi yawa ko kina jin jiri, ki je asibitin makaranta a auna jininki, kada ki jira. Kuma duk abin da ya dame ki, ki sami mutum ɗaya mai hankali ki gaya masa tun abin yana ƙarami. Abin da na ɓoye shekara guda, da na faɗa a watan farko da goshina yana nan.

Saura na ƙarshe, wanda ke na yi wa. Kina 'yar shekara bakwai kika shigo ina shafa mai, kika ce, "Umma, me ya sa nan babu gashi?" Na ce, "Gado ne, haka matan gidanmu suke." Na faɗa ne don ki tafi, don kunyar ba ki labarin nan. Ƙarya ce. Kakarki ta Ɓaure har ta rasu gashinta yana saukowa goshi, ki tambayi duk wanda ya san ta. Jiya da na ga kwalaben nan na gane abin da maganata ta yi. Kin ga naki ya fara ja baya, kin ce gadon ya iso, tun da babu makawa bari ki rufe da ƙarin gashi ki haɗa da ƙwaya. Ba ki tambaye ni ba, don na riga na ba ki amsa tun kina yarinya.

Ba wannan kaɗai ba. Saboda kunyar 'yar fari ban taɓa sa hannu a kanki ba. Ƙannenki ni nake musu kitso a tsakar gida, ke kuwa Goggonki ke ɗaukarki ta kai ki. Kina dawowa ido ya yi ja, gira a ɗage, ina ganin ƙurajen nan a bakin kitso, na san su sarai. Sai in kawar da kai, kada a ce Sa'a ba ta da kara, tana rawar jiki a kan 'yar fari. Na zaɓi a yabe ni da kunya, ke kuma kina biya da gashinki. Kunya abu ne mai kyau, ba na zagin abin da iyayenmu suka koya mana. Amma ni na kai ta inda ba a aike ta ba. Ki yafe mini.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali, kuma ba lallashi nake ba. Da kika shafi kai ranar nan na duba da kyau. Fatar wurin ba ta yi sumul irin tawa ba, akwai 'yan ƙananan gashi kwance kamar na jariri. Saiwar tana da rai. Naki a matakin da Inna Kande ta ce mini in bar shi ya sha iska yake, ba a matakin da ta ce na makara ba. In aka sake shi ya huta, aka ci abinci, aka duba jini, ina da yaƙinin zai dawo da yardar Allah. In kuwa aka ɗaura masa ƙarin gashi wata uku, ban san abin da za ki kawo mini hutu ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki. Ya haɗa ki da abokan zama nagari da malamai masu tausayi, Ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani. Ya buɗe miki ƙirji ki fahimci abin da kika je nema, Ya ba ki lafiyar jiki da natsuwar zuciya, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Ki riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka.

Na aika wa Goggonki ta sallami mai kitson nan, ta yi mita ta gaji. Kwalaben suna wurina. Ranar Laraba da safe za mu je asibiti ni da ke a auna jininki a duba kan. Ranar Alhamis bayan Azahar ki wanke kai ki same ni a tsakar gida, ni zan yi miki kitson tafiya da hannuna, ko wa zai shigo ya gani.

Mahaifiyarki,
Sa'adatu.